Kwana bakwai babu tasha: abin da za ki shirya kafin ki sa su Baba a jirgin ruwan alfarma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Mahaifina ya zo karatu ƙasar nan ta jirgin ruwa daga Legas a farkon shekarun 1970, har gobe bai daina ba mu labarin tafiyar ba. Yanzu ya haura saba'in. Ina so idan sun zo ziyara shi da Mama in kai su irin jirgin nan na alfarma da ke tsallaka teku daga Southampton zuwa New York. Ba mu taɓa shiga ba. Me ya kamata in sani kafin in biya, kuma yaya zancen abinci da salla da sutura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da su lafiya.

In dai daga Legas Baba ya taso a waɗancan shekarun, to da wuya in ba Aureol ya shiga ba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya yi jigila tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma daga 1951 zuwa 1974. Tafiyar kusan mako biyu ce, ana yada zango a Freetown da Las Palmas. Ki ambata masa sunan ki ga yadda fuskarsa za ta washe. Irin waɗannan jirage sun fara rasa kasuwa tun 1958, lokacin da jiragen sama masu injin jet suka soma tsallaka Atlantika cikin sa'o'i. Yau guda ɗaya tak ya rage da ke yin wannan jigila a kai a kai, wato Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, kamfanin da ya fara aiki tun 1840. An ƙera jirgin a Saint-Nazaire ta Faransa, ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2004. Tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinja kusan 2,700 da ma'aikata fiye da 1,200. A kansa zan yi miki magana, tunda shi kike nufi ko da ba ki kira sunansa ba. Na daɗe ina yanka wa mutane tikitin irin wannan tafiya, ni ma na tsallaka da kaina.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo ofishina shi ne, daga Southampton zuwa New York babu tasha. Tafiyar fiye da kilomita 5,500 ce, kwana bakwai, ba a tsayawa ko'ina. Abin da kika manta a gida kin manta ke nan, ɗakin da kika zaɓa a cikinsa za ku kwana har a isa, wanda ya kwanta ciwo a rana ta uku kuma asibitin jirgi kaɗai gare shi. Saboda haka kusan duk aikin wannan tafiya a tudu ake yin sa, watanni kafin ranar tashi. In an yi shi daidai, abin da ya rage a cikin jirgi ci da sha da hutawa ne.

Takardu tukuna, kafin ki biya ko kwabo. Su Baba suna buƙatar bizar Ingila da kuma bizar ziyara ta Amurka. Ke in fasfon Birtaniya gare ki, izinin ESTA da ake cikewa ta intanet ya ishe ki, amma mai fasfon Najeriya ba ya cikin wannan tsari. Tun 2025 Amurka ta tsaurara ba da biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan, kuma dokokin suna ta canzawa. Don haka biza a hannu, sannan tikiti. Ma'aikatan tashar Southampton ba za su bar mutum ya hau ba tare da ita ba, kuɗinsa kuma ya tafi, domin sharaɗin tikitin ya ɗora alhakin takardu a kan fasinja. Ki duba jadawalin tafiyar da kika zaɓa da kyau: ba duka ne ke miƙewa kai tsaye ba, wasu suna biyawa ta Le Havre a Faransa ko Hamburg a Jamus, wasu ta Halifax a Kanada. Duk ƙasar da jirgi zai tsaya, ki ɗauka ana buƙatar bizarta ko da mutum bai yi niyyar sauka ba. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata shida aƙalla bayan ranar dawowa.

In bizar Amurka ta ƙi samuwa, kada ki karaya. Akwai tafiye-tafiyen da ke tashi daga Southampton su dawo Southampton, zuwa gaɓar Norway ko tsibiran Kanari, da bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita. Na Kanari ma yakan tsaya Las Palmas, inda Baba ya taɓa sauka yana saurayi. Sai dai hanyar tana ratsa mashigin Biscay, wanda ya yi suna wajen girgiza jirgi.

Sai inshora, kuma a nan ne na fi ganin mutanenmu suna sakaci. Akwai likita da ma'aikatan jinya a jirgin, amma asibitin kuɗi ne, tsarin kiwon lafiyar Ingila na kyauta bai kai can ba. A tsakiyar teku jirgi mai saukar ungulu ba ya iya isowa, sai jirgin ya karkata ya kusanci gaɓa, daga nan kuma a sauke mara lafiya a Kanada ko Amurka, inda kwana ɗaya a gadon asibiti zai iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Ki nemi inshorar da ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, ta ambaci Amurka, ta kuma ɗauki nauyin kwaso mara lafiya da mayar da shi gida. Yawancin kamfanonin inshora na Ingila mazauna ƙasar kaɗai suke yi wa, saboda haka ta su Baba wataƙila daga gida za a yanko ta. A faɗi gaskiyar duk ciwon da suke da shi, hawan jini ne ko suga. Wanda ya ɓoye don a rage masa kuɗi, ranar da ya nemi a biya shi da wannan ɓoyon za a kama shi. Zancen magunguna kin fi ni sani: a cikin kwalayensu na asali, da takardar likita, da ƙarin na mako guda, kuma a jakar hannu. Manyan akwatuna a tasha ake karɓe su, wani lokaci sai yamma suke isowa ɗaki.

Ta wace fuska za ku tsallaka? Ni daga Southampton nake ba da shawara, kamar yadda kika tsara. New York tana bayan Ingila da awa biyar, kuma jirgin yana biyan wannan bambanci da kaɗan-kaɗan. In an nufi yamma, a dare biyar cikin bakwai ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ranarku ta zama awa 25. In an nufo gabas kuwa cire awar ake yi, yawanci da tsakar rana, ka ga ƙarfe goma sha biyu ta koma ɗaya kana zaune. Ga tsofaffi ƙarin barci ya fi. Za su isa Amurka jikinsu ya riga ya saba da lokacin can, babu wannan galabaitar da jirgin sama ke jawowa. Game da wata kuma, tsakanin Mayu da farkon Satumba ruwa ya fi kwanciya. Nuwamba da Disamba tikiti ya fi sauƙi, dalili kuwa iska da manyan igiyoyin ruwa. Akwai masu zuwa don igiyoyin kaɗai, amma su Mama ba sa cikinsu. Kada ki manta tikitin jirgin na zuwa ne kawai, sai kin haɗa da na jirgin saman dawowa, ko kuma ku juyo da shi ya zama kwana 14.

Yanzu ɗaki, inda kuɗi ke tafiya kuma inda ake yawan yin kuskure. A wannan kamfani ajin ɗakinka shi ke nuna inda za ka ci abinci. Mafi yawan fasinja suna ajin Britannia, suna ci a babban ɗakin cin abinci mai wannan suna. Sama da shi akwai Britannia Club, sai Princess Grill, sai Queens Grill a ƙololuwa, masu manyan ɗakuna da hadimi na musamman. Wannan ragowar tsohon tsarin aji-aji ne na zamanin da, amma kada ya tsorata ki. In ban da ɗakunan cin abincinsu da wani falo da ɗan fili a waje, duk sauran jirgin na kowa ne. A ganina kuɗin da za ki ƙara don Grill gara ki sa shi a wurin da ɗakin yake.

Jirgi a kan ruwa kamar lilo yake: goshi da baya su ke tashi su sauka, tsakiya ba ta cika motsi ba, kuma hawa na ƙasa ya fi na sama natsuwa. Abin dariyar shi ne ɗakuna mafi tsada su ne a sama. Ki nemi tsakiyar jirgi, hawa na 4 ko 5 ko 6. A waɗannan hawa akwai ɗakuna masu baranda da aka yanka a cikin jikin ƙarfen jirgin, iska ba ta dukan mutum sosai, ana iya zama a sha shayi ko da yanayi ya ɓaci. Barandar gilas ta sama ta fi kyau a hoto, amma a arewacin Atlantika sau da yawa iska ba ta barin a zauna. Na hawa na 8 wasunsu kwale-kwalen ceto ya tare musu gani, shi ya sa suke da rangwame. Jirgin yana da matakala huɗu da lif-lif ɗinsu, A da B da C da D. Ɗakin da ke tsakanin B da C zai rage wa Mama tafiya, domin mita 345 ba wasa ba ce ga mai ciwon gwiwa, sau uku a rana zuwa cin abinci. In ɗayansu yana amfani da keken guragu ko sandar dogarawa, a sanar tun wajen yankan tikiti.

Za ki ga wani farashi mai rahusa wanda kamfani ne zai zaɓa muku ɗaki da lokacin cin abinci. Ga matashi mai ƙarfi ba laifi. Ga tsofaffi, araha ba ta ado: ana iya jefa su can goshin jirgi, ke kuma a wani hawa daban. Ki biya wanda za ki zaɓi lambar ɗaki da kanki. Ki sani kuma farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne in su biyu ne a ɗaki. Ke da za ki kwana ke kaɗai za a caje ki kusan ninki, sai fa in kin samu ɗaya daga ɗakuna 15 na mutum ɗaya da aka ƙara a gyaran 2016, su kuwa da wuri suke ƙarewa.

Tunda an zo zancen motsi, bari in gama da jiri. Wannan jirgi an ƙera shi ne musamman don wannan teku, ƙarfensa ya fi na jiragen yawon shaƙatawa kauri, cikinsa ya nutse kusan mita 10 a ruwa, ga fikafikai huɗu a ƙarƙashi da ke rage tangaɗi. Yawancin ranaku shayi ko motsi ba ya yi a kofi. Duk da haka ki zo da magani, a sha tun kafin zuciya ta fara tashi, domin in amai ya soma ƙwayar ba ta zama. Irin su Stugeron suna sa barci, wanda ake mannawa a bayan kunne kuma bai dace da mai hawan jinin ido ko dattijo mai matsalar fitsari ba, sai likitansu ya duba. Citta tana taimaka wa wasu. Wanda ya ji jiri kada ya shige ɗaki ya rufe, ya fito hawa na 7 ya sha iska ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Ciwon da ya fi jiri yaɗuwa a jirage shi ne na amai da gudawa, maganinsa kuma wanke hannu da sabulu, man tsabtace hannu da ake ajiyewa a ƙofar ɗakin abinci bai isa ba.

Sutura ita ce abin da ya fi tayar wa sababbin fasinja hankali, alhali ku ne kuka fi kowa sauƙinta. Da rana kowa yana sa abin da ya ga dama cikin mutunci. Daga ƙarfe shida na yamma ake son a yi shiga ta kamala a yawancin wuraren jirgin, kuma a tafiyar kwana bakwai akan yi daren gala kamar biyu, inda maza ke sa baƙar kwat da laktaye, mata dogayen riguna. Ƙa'idar ta amince da kayan gargajiya na ƙasar mutum. Kada ki wahalar da Baba da kwat. Ya sa babbar rigarsa ta shadda mai aiki da hula zanna, Mama ta sa leshi ta kafa ɗauri ta yafa mayafi. Ranar da na sa tawa ban kai teburina ba sai da aka tsayar da ni sau uku ana tambayar wanda ya yi aikin wuyan. Sauran darare kaftani mai guga ya wadatar. Wanda ba ya jin yin ado a wani dare, ya ci a Kings Court, wurin ɗebi-da-kanka a hawa na 7, babu mai ce masa uffan. Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne kayan sanyi. Ko a watan Yuli iskar tsakiyar teku tana ratsa ƙashi, a zo da rigar sanyi mai kauri da safa da takalmi mai kama ƙasa.

Kada a sako dutsen guga a akwati, za a ƙwace shi a tasha. Haka kyandir, haka duk abin da ke yin zafi ko wuta, kuma ki gaya wa Mama da lallami cewa kaskon turaren wuta ba zai shiga ba. Babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, na'urar gano hayaƙi kuma tana kowane ɗaki. Humra da turaren fesawa sun isa. Akwai ɗakunan wanki a hawa-hawa masu inji da dutsen guga kyauta, sai dai ranar gala da yamma layi ake yi, ki je da sassafe. Soket ɗin ɗaki akwai irin na Ingila mai baki uku, wanda ake amfani da shi a Najeriya, akwai na Amurka. Ki sa musu 'yar buta a kaya, banɗakin babu ita. Masan jirgi da iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne, in ban da takardar da aka ajiye kada a jefa komai.

Abinci. Ki rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya ki ce ku Musulmi ne, ki tambayi abin da za su iya tanada na halal a wannan tafiyar, amsar kuma ki karɓe ta a rubuce. Jirgi abin da ya loda a tasha da shi zai ciyar har ya isa, ranar tashi ta yi latti. Ko ba a samu naman yanka ba, ba za ku ji yunwa ba, kullum akwai kifi da abincin ganye da ƙwai da shinkafa. Inda ake zamewa shi ne abin da ido ba ya gani: giya a cikin miya ko romo, naman alade da aka yayyanka a kan wani abu, da sinadarin gelatin a kayan zaƙi. Daren farko ki nemi shugaban masu hidimar teburinku ki yi masa bayani sau ɗaya. Al'adarsu ce su kawo wa mai buƙata ta musamman jerin abincin gobe tun yau, ya zaɓa, a dafa masa daban. Shi ya sa na fi son tebur tsayayye da ma'aikata tsayayyu a kan cin abinci a duk lokacin da aka ga dama. Kafin kwana biyu sun san Baba ba ya shan sanyi, sun san yadda Mama ke son shayinta. Zama biyu ake yi a Britannia, na ƙarfe shida da na takwas da rabi. Na farkon ya fi dacewa da tsofaffi, kuma a watannin zafinsu rana ba ta faɗuwa da wuri a can, za ku gama kafin magariba. Za ku iya neman tebur naku ku uku, ko a haɗa ku da baƙi a na mutum shida ko takwas. In Baba mai son hira ne ki zaɓi babban, yawancin fasinjan sa'o'insa ne, kuma labarin Aureol zai samu masu saurare. In zaman bai yi daɗi ba a nemi canji washegari, ba abin kunya ba ne.

Ranar shiga za ku iya tarar da kwalbar giya a ɗaki, ta maraba ce. Ki ce wa mai kula da ɗakin ya ɗauke, ya kwashe na cikin firji ma. Ɗan yaji a ƙaramar kwalba yana gyara abincin Turawa ƙwarai. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, Ingila da Amurka duk sun hana shigo da nama irin wannan. Duk wani abin ci da ya rage a jaka, ko goro ne, a bayyana shi ga jami'an kwastan a New York. Haka tsabar kuɗi in ta haura dala 10,000.

Salla ba ta da wuya in an gane abu ɗaya. Daga kudancin Ingila alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata kudu, wajen digiri 119. Daga New York tana arewa maso gabas, wajen digiri 58. A tsakiyar hanya kusan gabas sak take. Tunda jirgin yamma ya nufa, alƙibla tana bayansa: kwanakin farko ka fuskanci bayan jirgi, kana matsowa Amurka kana ƙara karkata hagu. Kada a dogara da kamfas na waya, ƙarfen jirgi yana ruɗa shi. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, ita ce abin dubawa. Lokutan salla ma manhajar waya takan rikice, domin ba ta san agogon jirgi ba. Takardar shirye-shiryen da ake kawowa ɗaki kowane dare tana ɗauke da lokacin fitowar rana da faɗuwarta, daga nan sai a ƙiyasta sauran, ga kuma rana ana gani. A ɗaki za ku yi salla, akwai wurin shimfiɗa darduma ɗaya a gefen gado. Hukuncin kasaru da haɗa salloli da yin ta a zaune in jirgi na tangaɗi, Baba ya tambayi malaminsa kafin ya taso.

Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abinci da shayi da kallon wasanni da laccoci. Abin da bai haɗa ba shi ke ba mutane mamaki a ranar ƙarshe. Ba a taɓa tsabar kuɗi a jirgin, katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne shaida, shi ne abin biya, kuma komai da dalar Amurka ake lissafawa. Kowace rana ana ɗora wa kowane fasinja dala goma sha wani abu na tukwicin ma'aikata, ku uku a kwana bakwai kin ga ya tasam ma ɗaruruwa. Ki sa shi a lissafi tun yanzu, kuma ina roƙonki kada ki je a cire, yaran nan da ke gyara gado sau biyu a rana watanni suke yi ba su ga iyalinsu ba. Lemon kwalba da kofi na musamman sayarwa ake yi, da ƙarin kashi 15 cikin ɗari. Ki yi rajistar katinki na Ingila ya ɗauki ɗakunan biyu, katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, zai iya ba ku kunya. Ki riƙa duba lissafin kowane kwana biyu.

Waya kuwa, da an bar gaɓa a sa ta a yanayin jirgin sama. Akwai layin salula na teku da ke bi ta tauraron ɗan'adam, waya tana kama shi da kanta, kuɗinsa kuma ba kama hannun yaro. Na san wani dattijo da ya bar tasa a buɗe, jikoki suna ta turo bidiyo a WhatsApp, bil ɗin da ya tarar a gida ya kusa kuɗin tikitin jirgin samansa. In ana son gaisawa da gida a sayi intanet ɗin jirgin na mutum ɗaya, ya isa.

Ku kwana a Southampton ko kusa da ita daren da ya gabaci tafiya. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, jirgi ba ya jiran kowa, kuma a wannan hanyar babu tasha ta gaba da za ka tare shi. Su Baba su iso Ingila da kwanaki, su huta. Da kun shiga za a yi atisayen ceto: a nuna muku wurin taruwarku da yadda ake sa rigar kariya daga nutsewa. Dole ne ga kowa. Dokar yin sa kafin a tashi ta biyo bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Alamar gaggawa ita ce busa gajere sau bakwai da dogo ɗaya. Ki taka da su daga ƙofar ɗakinsu zuwa wurin taruwar ta matakala, sau ɗaya, don ƙafa ta san hanya. Kusa da gaɓar Newfoundland kuma akan shiga hazo mai kauri, jirgin ya riƙa busa ƙaho duk minti biyu har cikin dare. Ki gaya wa Mama tun da wuri cewa ƙa'idar tuƙi ce, ba wani abu ya faru ba.

In kun koma ga tafiyar Norway ko Kanari mai tsaye-tsaye, ƙa'ida ɗaya ce babba: lokacin dawowa da aka rubuta a bakin ƙofa da agogon jirgi ake nufi, kuma wanda ya fita yawon kansa ya makara, barinsa ake yi. Wanda ya bi motar yawon da jirgin ya shirya shi ake jira. Da tsofaffi, ki bi ta jirgin ko da ta fi tsada.

Za ki ce to me mutum zai yi kwana bakwai a kan ruwa? Kowa haka yake tambaya, a rana ta biyar kuma sai ka ji yana cewa kwanakin sun yi gudu. Hawa na 7 yana da farfajiyar katako da ta zagaye jirgin, zagaye uku ya kusan kilomita biyu, ga kujerun kishingiɗa. Akwai ɗakin karatu mai dubban littattafai a goshin jirgi a hawa na 8, wurin da nake zaton Baba zai tare. Akwai laccocin masana da safe, akwai ɗakin da ake nuna taurari a rufinsa. Da tsakar rana kyaftin yakan yi magana ta lasifika ya faɗi inda aka kai da zurfin ruwan da ke ƙarƙashi. Ƙarfe uku da rabi ake shan shayin la'asar a Queens Room, ma'aikata da fararen safar hannu suna zagayawa da butoci da kek, kuma yana cikin kuɗin tikiti, ku je da wuri don samun kujera. Gidan caca da mashaya suna nan, ba kuma sai an bi ta cikinsu ba. Akwai ma ɗakin karnuka da kyanwoyi a can sama, masu ƙaura tsakanin ƙasashen biyu suna tafiya da dabbobinsu. Kada ki cika musu rana da shirye-shirye. Abu ɗaya da safe, ɗaya da yamma, barcin rana a tsakani.

Daren ƙarshe ake fitar da manyan akwatuna a ajiye a bakin ƙofa, ma'aikata su kwashe, sai a tasha za ku sake ganinsu. Ki tabbatar kowa ya ware kayan da zai sa da safe da takalmi da magani da fasfo. Ba a rasa wanda ke wayar gari daga shi sai kayan barci.

Ki tambayi lokacin da za a wuce ƙarƙashin gadar Verrazzano da ke mashigin New York, yawanci tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na asuba ne. Ki tashe su, a sa rigunan sanyi a hau can sama. Tun wajen zanen jirgin an rage tsawon bututun hayaƙinsa don ya iya wuce wannan gada, tazarar da ke tsakani mita kaɗan ce, kana tsaye sai ka rantse zai goga. Bayan ta da kaɗan mutum-mutumin 'Yanci zai bayyana ta hannun hagu, fitilun Manhattan a gaba, sannan jirgin ya juya ya ɗaure a Red Hook ta unguwar Brooklyn. Sauka rukuni-rukuni ake yi, layin jami'an shige da fice kuma yakan yi tsawo ga wanda ba Ba'amurke ba. Ki nemi taimakon keken tura tsofaffi tun kwana biyu kafin isowa, a ofishin kula da fasinja, kuma in a ranar za ku hau jirgin sama, kada ki yanki wanda zai tashi kafin la'asar.